Suɗin Maganin Barau

Duk wanda ya zauna a Ɗanzomo a shekarun nan ya san Barau ma'aunin kanwa, ya kuma san shi da abu biyu, ƙirjinsa da hannunsa. Ƙirjin a toshe yake, hannun a buɗe. Matarsa Zuliha ce ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana fama da su, kuma da za ka tambaye ta wanne ya fi gajiyar da ita, sai ta yi dogon tunani kafin ta ba ka amsa.

Ciwon fuka ne da shi, wanda 'yan asibiti ke cewa asma. Sana'arsa kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Kowace Alhamis yakan hau motar kasuwa zuwa Maigatari, ya zauna a rumfar fataken Damagaram yana auna musu kanwa, garin kanwar yana tashi yana shiga masa hanci tun hantsi har la'asar. Sai ya dawo gida ƙirjinsa yana kuka kamar an danne ɗan kyanwa. Zuliha ta ɗora ruwa, ta yi masa sirace, ta jiƙa sassaƙe, ta tallafe shi a zaune, don in ciwon ya motsa ba ya iya kwanciya. Ta yi maganar barin kanwar nan har bakinta ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: "To, mu ci me?"

Hannun kuma nasa labarin daban ne. Ba a taɓa ganin Barau ya ci tuwo a cikin gida ba, sai a ƙofar gida, inda kowa zai gan shi. Ko loma uku aka zuba masa sai ya kira mai wucewa ya sa hannu. Sannan komai daɗin miya, komai yunwar da yake ji, ba ya ƙarar da abin da ke cikin akushi. Yakan ce maigida ba ya suɗe kwano, dole ya bar suɗi ga na baya, yaran gidansa ne ko na maƙwabta. Karin maganarsa ɗaya ce, har an gaji da jin ta: wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Gari kuwa sai yaba masa ake yi. Yabon ba ya cin musu komai, tunda ba su ne ke sake ɗora tukunya ba.

A shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi, lokacin da fari ya cinye damina ya haɗa da shanu, ciwon ya yi masa tashin da bai taɓa yi ba. Ana zaune da rana tsaka a inuwar darbejiya sai numfashi ya ƙi fita, leɓɓansa suka yi baƙi. Gudaji, amininsa tun suna yara kuma maƙwabcinsa, shi ya goya shi a baya har bakin hanya, ya tsaya tsakiyar titi ya tare motar da ta kawo dawar taimako za ta koma wofi. Haka aka kai shi asibiti a Gumel, Zuliha tana riƙe da kansa.

Ya daɗe a can. Aka yi ta allura, daga baya aka koma wasu ƙwayoyi farare ƙanana. Zuliha tana kwana a baranda a kan tabarma, bayanta ya riƙe, idanunta suka faɗa. Mutanen Ɗanzomo kuwa ba su manta da su ba. A shekarar da kowa ke haɗa tuwonsa da ganye, wannan ta aiko da ɗan gero a ƙullin zane, waccan ta aiko da ƙuli. Adda, tsohuwar Gudaji, da ƙyar take tashi daga tabarma amma sai da ta sa aka daka gumba aka kai musu. Zuliha ba ta manta ko ɗaya ba.

Ranar sallama, mai ba da magani ya kira ta bakin tagarsa. Malam Abdulrauf sunansa, ɗan cikin garin Gumel, dogo, mai idanun wanda ya faɗi magana ɗaya sau da yawa ba a ji ba.

"Inna, ke ce mai kula da shi?"

"Ni ce, likita."

"To ki buɗe kunne. Wannan magani mu sitiroyid muke ce masa, ba sai kin riƙe sunan ba. Abin da za ki riƙe shi ne, ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha yau a bari gobe. Ya daɗe yana shan sa a nan, jikinsa ya saba. Ki ɗauka kina kwance, maƙwabciya ta yi wata guda tana ɗebo miki ruwa. Ran da ta daina kwatsam, ke ba ki san inda guganki yake ba, igiyarki ta ruɓe, ƙafarki ta mutu. Sai ƙishirwa ta kashe ki ga rijiya a ƙofar gida. Jikin mutum yana yin irin wannan magani da kansa, amma da ya ga ana kawo masa daga waje sai ya kwanta abinsa. A hankali ake tashinsa."

Zuliha ta gyaɗa kai. Maganar ruwa ba sai an maimaita mata ba.

"Da safe zai sha, bayan ya karya, na ranar gaba ɗaya. Kada ya sha ciki babu komai, yana cin ciki. Daga yau zuwa Alhamis, shida-shida. Kowace Alhamis ki rage ɗaya. In kun zo kan ɗaya-ɗaya kun gama makon, ku koma rabi-rabi, sannan a tsaya. Zai yi ta jin yunwa, fuskarsa za ta cika, kada wannan ya ruɗe ku. Kuma tun ba a je ko'ina ba zai ce miki ya warke. Duk haka suke cewa." Ya ɗaga ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunsa. "Ƙananan nan na ƙarshe, kada ki raina su. Su ne ke tashin jikin. Kada ki ba kowa, ko da uwarki ce. Mai tarin jini in ya sha, ƙara masa zai yi. Kanwa kuma ya bar ta har ya gama."

Zuliha ba ta karatun boko, abin da aka rubuta a jikin takarda ba zai amfane ta da komai ba. Sai ta yage gefen wani tsohon farin yadin alawayyo, dogo siriri, ta zauna a baranda ta ƙulle maganin kowace safiya a ƙullinsa daban, ɗaya bayan ɗaya. Malam Abdulrauf ya fasa mata na rabi-rabin da ɗan wuƙarsa. Ƙyallen ya fito kamar carbi, kansa mai kauri, wutsiyarsa siririya. Ta ɗaura shi a ƙugunta a ƙarƙashin zane, suka kama hanyar gida.

Maganin kuwa ya yi aiki, har ya so ya yi yawa. Ƙirjin Barau ya yi shiru, shirun da Zuliha ta manta irinsa. Ya riƙa cin tuwo kamar wanda aka sako daga ɗauri. Yana riga zakara tashi, yana zagaya gida yana surutu, yana gyara dangar da ta shekara a kwance. Sai kuma ga kumatu. A garin da kowa ƙashin wuyansa ya fito, a ce Barau mai fuka ne ya yi kumatu, ai wannan ba abin da za a yi shiru a kai ba ne. Kafin a ce me, labari ya gama Ɗanzomo cewa an ba Barau wani magani mai buɗe ƙirji ya kuma sa ƙiba.

Suka fara zuwa. Masu tari suka zo, masu rama suka zo, har da mai jegon da nononta ya ƙafe. Ba wanda ya zo da rashin kunya. Za a gaisa, a yi barka da arziki, sannan a ce, "A sam mini ko guda ɗaya ce." Barau sai ya sosa ƙeya ya ce a shiga wajen mai ɗakin, a hannunta abin yake. Ita kuma ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta maimaita abin da likita ya ce, da guga da igiya da komai. Su saurara har ƙarshe, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su fita. Ta san ba wanda ya yarda. A ganinsu ga magani nan ƙulli-ƙulli a ƙugun mace, ga mijinta ya warke, me ya rage in ba rowa ba?

A bakin rijiya aka fara ce mata mai hannun jarirai, a ɓoye da farko. Murja ce ta fito da ita fili, wata maƙwabciyarsu da ta aika musu gero suna asibiti. Tana janye guga, ba ta ko kalli Zuliha ba, ta ce, "Mu dai da muka aika da gero, ba mu tsaya ƙirga ƙwayarsa ba."

Zuliha ta ɗauki tulunta ta tafi. Maganar ta yi mata ciwo, kuma abin da ya fi ciwon shi ne gaskiya ce.

A gida ma ba ta huta ba. Kowace safiya za ta dama koko, ta jira ya sha, ta kwance ƙulli ɗaya ta zuba masa a tafi, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Shi kuma kowace safiya sai ya ce, "Zuliha, kin sa ina jin kunyar fita ƙofar gidana."

"Gara kunya da likkafani, Malam."

"Mutuwa ai ta Allah ce."

"Ƙullin nan ma da ikonsa aka yi shi. Haɗiye."

Ta gaji da gardamar, ta gaji da kallon da ake yi mata, ta gaji da zama ƙofa tsakanin mijinta da garinsa. Amma Alhamis ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ƙulle-ƙullen suna ƙanƙancewa, ƙirjin yana nan shiru. Ta fara ce wa ranta saura kaɗan.

Ana haka sai ga saƙo daga Gagarawa Tasha, inda 'yarsu Lauratu take aure, cewa ta haihu amma ta sha wuya, ana neman uwar. Wannan ba kiran da ake ƙi ba ne. Zuliha ta tsaya a tsakar ɗaki da ƙyallen a hannu. Ta so ta yanka masa na mako guda ta tafi da sauran. Barau ya gane abin da take nufi, ya ɓata rai.

"Yanzu ni yaro ne, da za a gutsura mini a ɓoye saura? In kuma zaman ya ja ki fa?"

Wannan ma gaskiya ce. Ta nuna masa inda aka tsaya, ta nuna masa ta wane kai ake kwancewa, ta ce, "Malam, don Allah." Ya ce ya ji. Tana kan hanya tana ba kanta haƙuri cewa mutumin da ya leƙa kabari ya dawo ai ba sai an tsare shi ba. Ta manta hali zanen dutse ne.

Ta yi kwanakinta a Gagarawa Tasha tana dafa ruwan wanka, tana gasa jaririya, tana jin kukan jirgin ƙasan Nguru yana wucewa. Lauratu ta sami kanta, aka yi suna, washegari Zuliha ta juyo. Ko zanenta ba ta sauya ba ta ce ya miƙo ƙyallen. Ya daɗe yana lalube a aljihu, kamar aljihun rijiya ne. Da ya fito da shi sai ta ga guntu ne. An sa wuƙa an datse wutsiyar gaba ɗaya.

"Malam, ina sauran?"

"Adda ce," ya ce, yana kallon tabarma. "Tarin nan ya hana ta sakat. Kuma kada ki ɗauki alhakin Gudaji, bai roƙa ba, ko kusa. Zama dai ya yi a nan ina haɗiya, shi yana kallon ƙasa."

"Likita ya ce na ƙarshen nan..."

"Na ji abin da likita ya ce. Amma ke ki duba mana. Manyan duk ni na ci. Na ƙoshi, na warke, ga ni kina gani. Abin da ya rage bibbiyu ne da ɗai-ɗai da rabi-rabi, ai wannan suɗi ne. Mutumin da ya goya ni a bayansa, tsohuwarsa tana kwance, sai in zauna in suɗe kwano a gabansa? Da wane ido zan ƙara kallonsa?"

Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, ba don ya kare kansa ba, har ma yana jira ta ce ya kyauta. Zuliha ta nemi ƙarfin faɗa a jikinta ba ta samu ba. Ta zauna a bakin gado ta shafa guntun ƙyallen. Ɗan abin da ya saura a guntun ba zai kai shi Alhamis ba, kuma mota ba ta shigowa garin ta ɗauki mutane sai ranar kasuwa.

Da la'asar ta yafa mayafi ta nufi gidan Gudaji. Ta san abin da za ta je yi, lashe amai ne, wanda ko yara ba sa yi ba a yi musu dariya ba. Ta shirya maganarta tun daga soro. Ta sami Adda a kwance a kan tabarma, ta zama kamar kara, amma da ta ga Zuliha sai ta yunƙura ta kama hannunta da hannu biyu.

"'Yar nan, ke ce? Allah ya yi muku albarka, ke da mijinki. Da ma na ce ƙarya ake yi miki. Na ce yarinyar nan ba ta da rowa, jira take ya ji sauƙi."

"Adda, ya jikin?"

"Na sha biyu na ji dama-dama. Sai Murja ta shigo, ɗanta yana tari, na kwance mata. Matar liman ma na aika mata. Mai jegon nan ta bayan masallaci ma ta samu. Ai abin arziki ba a ci shi kaɗai. Allah ya ba Barau abin da yake nema duniya da lahira. Allah ya sa ku gama lafiya."

Zuliha ta tuna maganar da ta shiryo. Za ta ce wa tsohuwar nan, wadda ta aika musu gumba alhali ita ba ta ci ba, ta dawo da abin da aka ba ta? Kuma ta dawo da me, abin da ya riga ya watsu a gari? Ta zo karɓa, ta ɓige da cewa amin. Ko tambayar ko akwai saura ba ta iya yi ba. Ta dai roƙi Adda ta sa Gudaji ya kai ta asibiti a duba tarin nan, Adda ta ce in Allah ya yarda, irin faɗin wanda ba shi da niyya.

Washegari da sassafe ta taka a ƙasa har Sule Tankarkar, wajen ɗakin shan magani. Mai kula da wurin ya saurare ta da kyau, ya ce irin wannan ba a ajiye shi a ƙananan wurare, sai Gumel, kuma gara a je da mai shi. Ta juyo cikin rana, yashi yana ƙona mata ƙafa. Ta ce wa Barau su ari jaki su fita bakin hanya. Ya yi dariya, ya buga ƙirjinsa, ya ce mai lafiya ba ya zuwa asibiti ya tsare wa marasa lafiya layi. Sai ta kwance ƙulle-ƙullen da suka rage ta karkasa su, yadda take karkasa tsabar gero in wata ya yi nisa. Amma abin da babu, babu. Ranar Talata ta zuba masa na ƙarshe a tafi.

Ranar Laraba ya bar tuwo kusan duka. Yara suka yi murna da suɗi, ita kuwa ta san wannan ba suɗi ba ne, cin ne ya gagara. Da ya miƙe zai yi sallah sai da ya dafa bango. Ya ce gaɓoɓinsa ne ke ciwo, wataƙila zazzaɓi ne ke son kama shi. Can ƙasan ƙirjinsa ta fara jin ɗan kyanwar nan yana motsi.

Ya ce gobe za shi Maigatari. Abdulƙadir, bafataken Damagaram da ya daɗe yana yi wa awo, ya aiko cewa ya kawo kaya kuma ba zai yarda kowa ya taɓa masa tiya ba sai shi. Rumbu kuma ya kusa ƙasa. Zuliha ba ta hana shi ba wannan karon, don motar kasuwa ta Gumel take bi. Ta ce ita ma za ta. Washegari suka hau motar, Gudaji ma ya hau da akuyarsa ta ƙarshe zai kai kasuwa.

Da motar ta tsaya a tashar Gumel, Zuliha ta sauka ta miƙa masa hannu. "Sauko, Malam. Ga asibitin can, ba nisa."

"Da dawowa."

"Yanzu dai. Dubi yadda kake gumi."

"Mutum ya taso tun daga Damagaram yana jirana, in bar shi da kaya a ƙasa? Amana ce. Kafin la'asar na gama, mu tsaya da dawowa, wallahi."

Mutane suna kallonsu. Yaran mota suna buga ƙarfe. Ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban jama'a ba, yau ma ba ta iya ba. Ta dubi Gudaji ta ce ya kula da shi, Gudaji ya ce kada ta damu. Motar ta ja, ita ta juya ta nufi asibiti ita kaɗai.

Layin ya yi tsawo, ranar kasuwa ce. Da ta isa bakin taga ta ajiye guntun ƙyallen wofi, ta faɗa wa Malam Abdulrauf komai. Bai yi mata faɗa ba. Ya rufe ido ya buɗe, ya ce, "Yana ina?"

"Maigatari."

"Wajen kanwar?"

Ta sunkuyar da kai. Ya bar tagar ya shiga ciki wajen babban likita, ya dawo da ƙwayoyi a 'yar takarda ya danƙa mata. "Kina isa ki ba shi, ko da ruwa kaɗai ne. Sannan ki kawo shi yau, ba gobe ba. Ko ɗaure shi za ku yi."

Ta sami wata mota, amma sai da aka jira ta cika. Ta zauna a kan buhu, ƙwayoyin a dunƙule a hannunta, ba ta yarda ta ƙulle su a zane ba don kada kwancewa ta ɓata mata lokaci. An yi azahar kafin su shiga Maigatari. Ta ratsa ta kara, inda ake sayar da ramammun shanu kamar kyauta, ta nufi rumfar kanwa. Tun daga nesa ta ga ba a awo. Mutane sun yi da'ira.

Gudaji yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa, a gefensa an rufe mutum da bargo. Wani dattijo mai rawani ya taso ya tare ta, shi ne Abdulƙadir.

"Uwargida, sai haƙuri. Bai yi nisa da awo ba ya ce ƙasa tana juya mishi. Ya yi amai, muka zaunar da shi, sai numfashi ya ƙiya. Mun aika neman kamiyo mu kai shi asibiti wajen lokotoro, kamin mai motar ya zo Allah ya yi ikonsa. Mi za mu ce? Mutumin kirki ne."

Zuliha ta tsaya a wurin. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, ta shekara ashirin da ɗoriya, a lokaci ɗaya. Da ta buɗe hannunta, gumi ya jiƙa takardar, ƙwayoyin sun fara narkewa. A Maigatari aka rufe shi kafin rana ta faɗi.

Ɗanzomo kaf ta zo zaman makoki. A shekarar yunwa, kwanuka suka riƙa shigowa gidan har aka rasa wurin ajiyewa. Murja ce ta kama girki, ta hana Zuliha taɓa ko ludayi. Kowa ya shigo maganar ɗaya ce: kwana ne ya ƙare, ga mutum ya warke har ya yi kumatu, Allah mai iko. Bai taɓa ci shi kaɗai ba, in ji su. Zuliha tana zaune a ƙuryar ɗaki tana amsa gaisuwa. Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, haka yake cewa. To ga shi ya ci da kowa, ita dai ba ta ga wanda ya raka shi ba. Ta so ta ji haushin wani, ta duba ɗakin ta rasa wa za ta ji wa. Duk wanda ke wurin abin da aka koya masa ya yi, kuma da alheri ya yi shi.

Ranar sadakar uku sai ga Adda, tana dogara sanda, ana riƙe da ita. Ta zauna kusa da Zuliha ta huta, ta yi tari mai tsawo, ta yi addu'a. Sannan ta laluba cikin zanenta ta fito da wani abu a naɗe, ta sa mata a hannu. Wutsiyar ƙyallen ce. Duk ƙulle-ƙullen an kwance su, sai wurinsu da ya yamutse, ban da ɗaya a can ƙarshe.

"Ga kayanku, 'yar nan," in ji Adda. "Ba a mai da wa mutum abinsa wofi. Har jiya Murja tana nema wa yaron, na ce a'a, ba za mu ƙarar masa ba. Wannan na bar masa ne."

Zuliha ta sa farce ta kwance ƙullin. Ita ta ƙulla shi da hannunta a barandar asibiti. Rabin ƙwaya ce fara, ko ƙwayar wake ba ta kai ba, gefen da wuƙar Malam Abdulrauf ta bi yana nan a miƙe. Matan ɗakin suna kallonta, Adda tana jira.

"An gode, Adda," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

Ta sake ƙulle shi yadda yake, ta ɗaga gefen zanenta ta ɗaura ƙyallen a ƙugu, sannan ta juya ta amsa gaisuwar wadda ta shigo.